Kuɗi a Lalita, Kwastan a Gaba

Yau maganar kuɗi na zo mu yi, amma ba ta nemansu ba, wannan kowace ta san hanyarta. Maganar ɗaukarsu a jiki a ƙetare iyakar ƙasa da su nake nufi. Na sani wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwanmu? Mu da ko na cefane sai an yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule?" To, ki yi haƙuri ki bi ni har ƙarshe. Na lura kuɗin da mace take ɗauka in za ta yi doguwar tafiya, yawancinsu ba nata ba ne, na mutane ne. Nan kuwa gizo ke saƙa.

Mu mutanen Ambursa ba mu da bakin cewa iyakar ƙasa ta yi mana nisa, gama ta zo ta same mu har gida. Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello a gefen garinmu yake, bisa hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Daga nan alhazanmu ke tashi. A ran 15 ga Mayu, 2024 ma, jirgin farko na alhazan Nijeriya duka daga nan ya ɗaga, har Mataimakin Shugaban Ƙasa, Kashim Shettima, ya zo sallama. Wadda ta shiga jirgin Jidda a filin nan, to, ta ƙetare iyaka tun ba ta bar ganin fadamarmu ba. Ban da ta sama kuma ga ta ƙasa. Jihar Kebbi ta yi iyaka da ƙasa biyu, watau Nijar da Benin. In kin bi ta Kamba sai Gaya, daga Gaya ki haye gadar Kwara sai Malanbil, ki miƙa har Kwatano in kina da ƙarfi. In kuwa ta ƙasar Bagudo kika bi, ga Tsamiya nan, daga ita sai Segbana. Matanmu nawa ne ke bin hanyoyin nan, wata saro atamfa, wata biki, wata gaisuwar mutuwa? Ko Sarkin kasuwa ba ya iya ƙirga su.

Ga abin da doka ta ce. Akwai dokar hana halatta kuɗin haram, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Mayu na 2022, ta maye gurbin ta 2011. A cikinta an ce duk wanda zai shigo Nijeriya ko zai fita da tsabar kuɗi, ko da takardun da ake ɗaukar kuɗi da su kamar cek, in sun wuce dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta, lalle ne ya gaya wa ma'aikatan kwastan. Fom ne ake ba shi ya cike. Wanda ya ƙi faɗa, ko kuwa ya faɗi abin da ba shi ke nan ba, in kotu ta same shi da laifi sai a ƙwace kuɗin da ya ɓoye, ko a ɗaure shi shekara biyu a ƙalla, ko kuwa a gama masa duka biyu.

Ku dubi maganar nan da kyau, don wurin nan ne mata da yawa ke ruɗewa. Doka ba ta ce kada ki ɗauki abin da ya wuce dala 10,000 ba. Ba ta kuma ce in kin faɗa za a cire haraji a ciki ba. Cewa ta yi ki faɗa. Halalinki ne, ba wanda ya hana ki shi, amma shirun da kika yi shi ne laifin. Sau da yawa na ji mace na cewa, "Ai gumina ne, ba sata na yi ba." Gaskiya ne, Hajiya, amma ba a kan sata za a kai ki gaban alƙali ba. A kan ɓoyewa ne.

Ni malamar lissafi ce, a Kwalejin Adamu Augie ta Argungu na yi horon koyarwa, saboda haka ku bar ni in hau allo kaɗan. Kalmar nan "kwatankwacinta" ita ce mai cizo. Ba a ƙirga kowane irin kuɗi dabam, gama su ake yi. Riyal ɗin Saudiyya 3.75 shi ne dala guda, haka aka ɗaure shi tun 1986. To, a ce Hajiya ta taso daga Jidda da dala 6,000 a lalita, da riyal 20,000 a ƙasan jaka. A ranta ta kuɓuta, tun da dalarta ba ta kai ba. Amma riyal 20,000 dala 5,333 ne da ɗan ɗori. In an tara sun zama 11,333. Ta wuce iyaka ba ta sani ba. Haka in da sefa, haka in da yuro ko fam na Ingila, duk kwano ɗaya ake zuba su. Ita naira kuwa tana da tata ƙa'ida dabam daga Babban Banki game da fita da takardunta waje, iyakarta kuma ba ta kai ko kusa da wannan ba, saboda haka mai ɗaukar naira da kauri ta tambaya a bakin iyaka kafin ta wuce.

Wani abin dariya, ko da yake ba na dariya ba ne. 'Yan'uwanmu na Nijar in sun ce dala, sefa biyar suke nufi. Wata baƙuwa daga wajen Dosso ta ji ina maganar dala dubu goma, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe kuwa an daɗe da ɗaure ni!" Ita a lissafinta jaka hamsin ke nan, watau sefa 50,000, kuɗin turmin atamfa biyu ko uku. Sai da na rantse mata cewa dalar Amurka ake nufi kana hankalinta ya kwanta. A 2025, sa'ad da dala guda take wajen naira 1,500, dala 10,000 ta kai naira miliyan 15.

Ban da wannan, kowace ƙasa da nata ma'auni. Amurka dala 10,000 ne, ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000, Ingila fam 10,000. Saudiyya kuwa a 2024 iyakarta riyal 60,000 ce, su kuma ba kuɗi kaɗai suke ƙirgawa ba, har zinariya da kayan ado masu daraja. Wannan ya shafe mu ƙwarai, don kowa ya san Hajiya da sarƙa da awarwaro. Riyal 60,000 dala 16,000 ke nan. Ashe mace na iya fitowa Jidda da dala 12,000 bisa wancan ma'auni ba wanda ya ce mata kanzil, ta sauka Kano ko nan Ambursa ta tarar ta zama mai laifi in ta yi shiru. Ƙofa biyu ce, kowace da mai gadinta. Irin waɗannan adadi kuma gwamnatoci na sake su, don haka a tambayi ma'aikatan alhazai ko na jirgi a shekarar da za a yi tafiya. Haka wadda za ta Nijar ko Benin, in ta gama da kwastan namu, akwai duwan nasu a gaba.

Kada wata ta tsorata ta ce ta fasa aikin Hajji. Guzurin da aka ba kowane alhajin Nijeriya a 2024 dala 500 ne. Ina dala 500, ina 10,000? Mai zuwa sauke farali da guzurinta kaɗai ba ruwanta da wannan magana. Da masu gama ibada da fatauci nake, da kuma masu karɓar saƙo.

Ku ji abin da ya faru a Kano cikin watan Maris na 2025. Wata mace ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano daga Saudiyya. Da ma'aikatan kwastan suka binciki kayanta sai suka tarar da dala 1,154,900 da riyal 135,900, an cusa su cikin fakitin dabino. Ba ta faɗa ba. Aka miƙa ta ga hukumar EFCC, aka kai ta Babbar Kotun Tarayya ta Kano, kotu ta same ta da laifi, ta ce kuɗin sun zama na Gwamnatin Tarayya. Na zauna na tara su da alli, sun kai dala 1,191,140, watau iyakar nan har sau 119. Dabino fa, jama'a! Abin da muke buɗa baki da shi, abin da ake raba wa masu zuwa sannu da zuwa. Tun daga ran nan ba na ganin laifin ma'aikaci in ya ce Hajiya ta buɗe kwalin dabinonta.

Za ku ce wannan ai manyan kuɗi ne, ba irin namu ba. Haka ne. Amma bari in ba ku labarin gida.

Ina da gwaggo mai sayar da atamfa da leshi da 'yan kunne. Shekara da shekaru tana tafiya saro, ba a taɓa jin ta ci wa kowa kwabo ba, shi ya sa in za ta tashi sai gidanta ya cika. Wannan ta kawo kuɗin adashin da ta kwasa, a sayo mata kayan ɗakin ɗiya. Waccan ta sayar da buhunan shinkafar da ta samu a fadama, tana son sarƙa. Wata mijinta ne ya aiko, kayan lefen ɗansa. Gwaggo ta kai wa ɗan canji, ya mayar mata da su dala, ta naɗe a lalita ta ɗaura a ƙugu, ta kawo zane ta rufe. Ran nan na je gaishe ta, na iske tana ƙirga, sai na tambaye ta ko nawa suka zama. Ta ce na mutum goma sha biyu ne, kowace kamar dala dubu.

Na ce, "Gwaggo, ai sai kin cike takardar kwastan."

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, nawa a ciki bai fi dubu guda ba. Sauran na mutane ne."

Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri Gwaggo, ba su tambayar na wane ne tukuna. Jikin wa aka same su, shi suke fara dubawa."

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "In na faɗa, duk filin jirgi ya san ina da kuɗi. In aka bi ni fa?"

Ban yi mata gardama nan take ba, don tambayarta tambaya ce. Ba kuwa ita kaɗai ke da wannan tsoro ba, kusan kowace 'yar kasuwa da na zanta da ita haka ta ce. Mu a ƙasar Hausa tun muna yara aka koya mana ba a nuna kuɗi. Sirri ne, kamar ciki ɗan wata biyu. Mace na ɓoye wa kishiya, ta ɓoye wa maƙwabciya, wani lokaci har maigida ba ya sanin iyakar abin da ke cikin asusunta, sai kuma a ce ta zo gaban baƙon namiji mai kaki ta rubuta masa a takarda? Ga shi zamani ya lalace, masu satar mutane sun addabi ƙasar nan, kowa na jin labarin abin da ke faruwa a hanyoyin Zamfara da kudancin jiharmu.

Ban da tsoro akwai kuma tabo. Iyayenmu ba su manta da 1984 ba, sa'ad da aka sake launin naira cikin watan Afrilu aka rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Mu ma da muke yara mun ga namu. An rufe iyakokin ƙasa cikin Agusta 2019, aka buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Aka sake rufe ta wajen Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefe. Tsakanin nan ga canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a Oktoba 2022, wanda ya sa a farkon 2023 mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen gishiri. Wadda ta ga duk wannan, in ka ce mata ta amince da banki da takarda, sai ta dube ka shekeke. Ban ga laifinta ba.

Duk da haka ban goyi bayan ɓoyewa ba, ga kuwa dalilina. Ki auna hasarar biyu. In kin faɗa, wanda ya sani ma'aikaci ne a bakin aikinsa, ga sunanki a rubuce, ga adadin kuɗin a rubuce, in wani abu ya taɓa su kina da abin nunawa. In kin ɓoye aka gano, ba ki da bakin magana ko kaɗan, kin kuma ba duk wani marar tsoron Allah da kika gamu da shi a hanya wuƙa da nama, don ya san ba ki iya kai ƙara. Sa'an nan ki tuna su wa ke jiranki a gida. Mata goma sha ɗaya, kowace ta ba ki abin da ta tara shekara guda ko biyu. Me za ki ce musu? Kotu ta ba Gwamnati? Ɗiyar da aka sa ranar bikinta ina ruwanta da kotu? Kuɗi in sun tafi wataƙila a sake samu, amma sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa, a ce "ba ta cin amana," ba ya komowa da sauƙi. Har kwanan gobe wata za ta ce ai ƙarya ce, cinye su ta yi.

Wai me ya sa Gwamnati ta damu da abin da ke lalitar mace? Ba don gwaggona aka yi dokar ba. An yi ta don masu sace dukiyar jama'a su fita da ita, da masu fataucin ƙwaya, da masu sayen makamai, da masu karɓar kuɗin fansa. Kuɗin banki suna barin sawu, tsaba kuwa ba ta da sawu, kamar tafiyar kifi a gulbi. Akwai wata ƙungiya ta ƙasashen duniya da ke Faris, FATF, wadda aka kafa a 1989 don wannan aiki. A Fabrairu 2023 ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba ta cire ta ba sai Oktoba 2025. Shi ya sa kuka ga bincike ya tsananta a filayen jiragen sama cikin shekarun nan, ba na kuma zaton zai sassauta. Masu mugun kuɗi kuwa sun san an fi jin nauyin binciken dattijuwa mai hijabi da tasbaha, saboda haka ita suke nema ta ɗaukar musu kaya. Wannan shi ya fi ba ni haushi a cikin maganar duka. Sun mai da mutuncinmu jakin dako.

Ba ma yau aka fara tsai da matafiyi a tambaye shi abin da ya ɗauko ba. Fataken da suka riƙa ratsa ƙasar Kabi zuwa Gwanja sayen goro, a kowane mashigi sai madugu ya tsaya ya biya kuɗin fito, ya kai gaisuwa ga sarkin gari. Su kuwa ba su da halin ɓoyewa, don wuri 20,000 ne ƙeso guda, kaya ne sosai, kowa na gani. Mu ne takarda ta ruɗa, da yake abin da ya fi ƙarfin jaki goma yanzu yana shiga haɓar zane.

Mu koma kan gwaggo. Abin da muka yi shi ne, na yago takarda daga littafin rubutu na ja mata layi kamar rajistar aji. Sunan kowace mace, abin da ta bayar, abin da take so a sayo mata, sai ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Muka yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna gida wurin babban ɗanta. Na ce ta koma wurin ɗan canji ya ba ta rasit, in ba shi da rasit ta nemi mai lasisi. Ta yi ta mita, wai na mai da ta 'yar makaranta da tsufanta, amma ta yi. Da ta isa ta nemi teburin kwastan da kanta tun ba a tambaye ta ba, ta cike fom, aka ƙirga a gabanta, ta wuce. Da ta komo na je sannu da zuwa, abin da ta ce mini kawai shi ne, "Biron nasu ma ba ya rubutu sosai." Gwaggo ke nan, ba ta yabo.

Wadda ba ta iya karatun boko ba kada kunya ta hana ta. Ta sa ɗanta ko ɗiyarta ko malamar makarantar unguwa ta rubuta mata adadin kowane irin kuɗi tun daga gida, da lamba da kuma kalmomi, in ya so a can a kwafe. Kada ta sa hannu a kan adadin da ba a karanta mata ba, ta kuma riƙe shaidar abin da ta cike har ta dawo. Kada ta yi dabarar nan ta rarraba kuɗin ga abokan tafiya don kowa ya gaza iyaka, ma'aikatan sun san wannan tun ba yau ba, abin da zai jawo kawai shi ne a zargi har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. In kuwa akwai hanyar aikawa ta banki, ko a biya mai kaya kai tsaye, ya fi, ko da za a ci ɗan lada. A cikin gida ma dokar nan ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 in ba ta hanyar banki ba, dillalan shinkafa da albasa su ji wannan.

Saura maganar saƙo, wadda ta fi wuya, don ta shafi zumunci. A masauki a Makka ko Madina, ko a filin jirgin Jidda, ko ma a tashar motar Gaya, wani zai zo da fara'a ya ce, "Hajiya, don Allah ga ɗan dabino ki kai wa tsohuwata, za a zo a karɓa." Ya kira sunan unguwarku, ya ce ya san mijinki. Ke kuma nauyi ya kama ki. To, ba na ce ki ƙi ba, gama kowa na da ranar da zai nemi a kai masa saƙo. Amma ki ce masa, "Alhaji, bismilla, buɗe mu gani." Ki zazzage a gabansa, ki sa hannu har ƙasan kwali, in gwangwani ne a buɗe shi, in an liƙe ne a yanka. Mai dabinon gaskiya zai yi dariya ya taya ki sake ɗaurewa. In kuwa ya ɓata rai ya ce kin raina shi, ki miƙa masa abinsa ki ce kayanki sun riga sun cika awo.